Darasi: Kafin a Sayar da Akuya Don Makarantar Kwamfuta

'Yan'uwa, a da wanda ya iya buga takarda a kwamfuta ba ya rasa na abinci. Amma tun da layin GSM ya shigo Nijeriya a 2001, aikin yake ta sauyawa. Yau mutum yana rubuta wasiƙarsa a waya. Har yanzu ɗalibi yana bukatar iya bugu, gama tun 2015 a kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, sai dai bugu kaɗai ba ya riƙe gida. Masu gyaran waya, masu lissafi da Excel da masu rubuta manhaja ake nema.

Saboda haka, kafin ku biya kuɗin makaranta, ku je ku gani da idonku. Kwamfuta nawa ke aiki? Akwai wuta? Waɗanda suka gama bara, ina suke?