Nasiha Ga Matasa Masu Son Zuwa Ƙasar Waje Koyar Da Turanci Ba Tare Da Digiri Ba



Akwai maganar da ta yi yawa a bakinku a 'yan shekarun nan: wai duk wanda ya iya Turanci, ko bai taɓa shiga jami'a ba, yana iya ɗaukar jakarsa ya nufi Asiya ko Kudancin Amurka ya koyar, a biya shi da dala. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ce ku cire ta daga ranku ba. Fita neman halal ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun yi fataucin goro har Gwanja, wasu sun yada zango a Sudan kan hanyar Makka har suka zama 'yan gari. Abin da nake so shi ne ku san yadda lamarin yake tun kafin ku sayar da babur ko gonar gado ku yanki tikiti.

Ku fara da sanin wanda ake yi wa wannan kira. Yawancin tallace-tallacen da kuke gani a waya, masu cewa ba sai da digiri ba, an tsara su ne domin matashin Amurka ko Ingila ko Ostareliya. Shi fasfonsa kaɗai yana buɗe masa ƙasashe da dama ba tare da biza ba. Yana iya sauka a Meziko ko Kosta Rika a matsayin ɗan yawon buɗe ido, ya bi makarantu ɗaya bayan ɗaya yana neman aiki, in bai dace ba ya koma gida bai yi asarar komai ba sai kuɗin jirgi. Kai da kake riƙe da fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana, kafin ka taka waɗannan ƙasashe sai ka nemi biza, sai ka nuna kuɗin da ke asusunka, sai ka amsa tambayoyi a ofishin jakadanci. Shi abu ɗaya ya rasa, digiri. Kai kuwa abu biyu ne a gabanka, digiri da fasfo.

Ƙasashen da suka fi biyan malaman Turanci albashi mai tsoka sun sa digiri a cikin dokar biza ne, saboda haka ko mai makaranta ya so ka kamar ɗansa, ba shi da ikon ɗage maka. Koriya ta Kudu tana ba malaman harshe bizar da ake kira E-2. Sharaɗinta ga mai koyar da Turanci shi ne digirin farko, sannan galibi ya kasance ɗan ɗaya daga cikin ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Najeriya da Gana ba sa ciki, duk da cewa Turanci ne harshen gwamnati a cikinsu. Ƙasar Sin ba ta ba malami bizar aiki, wato bizar Z, sai da digiri, tare da gogewar shekara biyu ko takardar horon koyarwa. Shirin JET na gwamnatin Japan, wanda ke kai baƙi makarantun ƙasar tun 1987, shi ma digiri yake nema. A Tailan sai da digiri ake samun lasisin koyarwa a makarantu. Saudiyya da Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa, ban da digirin, har sai an tantance takardun an buga musu hatimi. Duk wanda ya ce muku yana da hanyar shigar da ku waɗannan wurare ba digiri, to ku yi hattara, galibi hanyar ba ta doka ba ce.

Inda ake samun sassauci shi ne irin su Kambodiya da wasu ƙasashen Latin Amurka kamar Meziko, Kosta Rika da Kolombiya. A can makarantun koyon harshe masu zaman kansu sukan ɗauki wanda ba shi da digiri, matuƙar yana da takardar horo kuma ya nuna ya iya aji. Amma ku san irin aikin. Sau da yawa da awa ake biya, ranar da ba darasi ba kuɗi. Ba safai suke biyan kuɗin jirgi ko haya ba. Darussan kan faɗa da yamma da ranakun Asabar da Lahadi, lokacin da yara suka tashi daga makarantar boko, manya kuma suka tashi daga aiki. Albashin na rufin asiri ne, a ci a sha a biya ɗaki. Wanda ya ci bashi ya tafi da niyyar ya biya cikin wata shida har ya aiko wa iyaye na gini, zai sha mamaki. Kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai masu makarantun da ke fifita farar fata a kan ƙwarewa, domin abin da iyayen yara ke son gani ke nan. Wannan zalunci ne, amma yana nan, kuma gara ku ji shi daga bakina da ku tarar da shi a can.

To wace takarda ce ke tsaya wa mutum idan ba digiri? Akwai kwas ɗin da ake kira TEFL, na horar da mai koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne. Mafi ƙarancin da makarantu suka saba karɓa shi ne na awa 120. Sai dai sunan ba mallakar wata hukuma guda ba ne, kowa na iya buɗe shafi ya sayar da satifiket, shi ya sa za ku ga na araha da ake gamawa cikin kwana biyu. Waɗanda aka fi girmamawa a duniya su ne CELTA na Kambirij da CertTESOL na Kwalejin Trinity da ke Landan. Dukansu ba sa sharɗanta digiri. CELTA yana karɓar wanda ya kai shekara 18, mai takardun da suka isa shiga jami'a, wanda Turancinsa ya nuna sosai. Ana yin sa cikin mako huɗu zuwa biyar idan mutum ya ba shi dukkan lokacinsa, kuma tun 2020 ana iya yin sa ta intanet. Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne sai ka koyar da ɗalibai na gaske na tsawon awa 6, malami yana zaune yana kallonka, bayan an tashi ya faɗa maka inda ka yi daidai da inda ka kauce. Kuɗinsa yakan haura dala 1,000, ba ƙaramin abu ba ne. Idan ba ku da halinsa yanzu, ku zaɓi kwas ɗin da ke da gwajin koyarwa a gaban mai dubawa, ku guji wanda karatu ne da cike gurbi kawai.

Ku kuma bambance iya magana da iya koyarwa. Dukanmu muna jin Hausa, amma mutum nawa ne zai iya zaunar da Bature ya bayyana masa dalilin da ya sa muke cewa "ya tafi" a wani wuri, "zai tafi" a wani wuri, "yakan tafi" a wani? Haka Turanci yake. Ɗalibi zai ɗaga hannu ya tambaye ka dalilin wata ƙa'idar nahawu, kuma "haka ake faɗa" ba amsa ba ce. Malamin kirki yana shiga aji da tsarin darasi a rubuce, yana rage surutunsa ya bar ɗalibai su yi magana, yana gyara kuskure ba tare da ya kunyata mai shi ba. Ku lura da furucinku ma. Mu Hausawa mun saba gauraya harafin p da f, kuma kunnen baƙo yana kama wannan nan take. Ba abin kunya ba ne, da naci yake gyaruwa: ku ɗauki muryarku a waya, ku saurara, ku maimaita. Jarrabawar IELTS, wadda makinta ke tsayawa a 9, tana ba ku shaidar da za ku ajiye a gaban mai shakka. Kuna kuma da wata baiwa da ɗan Landan ba shi da ita. Ku da guminku kuka koyi Turanci, kun san inda ɗalibi ke tuntuɓe domin a nan kuka yi naku tuntuɓen. Kada ku raina wannan.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Za ku haɗu da dillalan da za su ce ku shiga da bizar yawon buɗe ido ko ta karatu, ku fara aiki, a gyara takardu daga baya. Wasu ma za su ce za su buga muku digiri na jabu. Ku ce a'a. Mai aiki ba izini ba shi da bakin kai ƙara. In an hana shi albashi sai ya haɗiye, domin shi ne farkon wanda jami'an shige da fice za su kama. Ƙarshensa tara, ko tsarewa, ko a tasa ƙeyarsa gida da tambarin da zai hana shi biza a wasu ƙasashen. Ga kuma nauyin cin abinci da takardar ƙarya, wanda ba sai na yi muku dogon bayani ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni. A watan Agusta na 2023, Ofishin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoton da ke cewa aƙalla mutum 120,000 a Miyanma da kimanin 100,000 a Kambodiya ana iya cewa suna tsare a gidajen da ake tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Da tallan aiki mai daɗi aka jawo yawancinsu. Masu jin Turanci suna da daraja a wurin waɗannan miyagu, domin da su ake yaudarar mutanen Amurka da Turai. Akan sauke mutum a Bankok, a ɗauke shi a mota zuwa garin Mae Sot na bakin iyaka, a tsallaka da shi kogi zuwa yankin Myawaddy, a karɓe fasfonsa. A farkon 2025 an fito da dubban mutane daga irin waɗannan gidaje, cikinsu har da 'yan Habasha da Kenya da wasu ƙasashen Afirka. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Makarantar gaskiya tana yi maka tambayoyi, tana sa ka gwada darasi, tana aiko da yarjejeniya a rubuce mai ɗauke da albashi da awannin aiki, kuma ba ta riƙe fasfon ma'aikaci. Wanda ya ɗauke ka aiki cikin hira guda a WhatsApp, da albashin da ya fi hankali, ba malami yake nema ba. Ku nemi adireshin makarantar, ku nemi magana da wani malamin da ke aiki a can, ku tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasar. 'Ya'yana mata, ku ninka wannan bincike, kuma kada ɗayanku, namiji ko mace, ya fita ba da sanin iyaye da albarkarsu ba.

Sannan ku duba kusa. Ƙasar waje ba sai an ƙetare teku ba. Maƙwabtanmu masu amfani da Faransanci suna neman Turanci domin kasuwanci da karatu da aiki da ƙungiyoyin duniya. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. Malamin da zai iya bayyana nahawun Turanci da Hausa yana da abin da zai bayar a Maraɗi da Damagaram da Yamai wanda Bature ba zai iya ba. Akwai kuma Kwatano da Abijan da Dakar, inda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna kwana 90 ba biza. Izinin shiga dabam, izinin zama da aiki dabam, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka ku tambayi ƙa'idar da ake bi a lokacin tafiyarku.

Kuna iya fara koyar da baƙi ma kuna ɗakinku. Dandali irin su Preply da italki suna karɓar masu koyarwa ba tare da digiri ba, suna cire kasonsu daga abin da ɗalibi ya biya. Abin da ake buƙata shi ne intanet mai ƙarfi, wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar darasi ba, wuri mai shiru, da cika alkawarin lokaci. Ƙarfe bakwai na yamma a Tokiyo ƙarfe goma sha ɗaya ne na safe a Kano, ga dama ga mai zama a gida. Amma kada ku jingina rayuwarku a kan kamfani guda. A watan Yuli na 2021 ƙasar Sin ta hana malaman da ke zaune a waje koyar da yaranta ta intanet, dubban malamai suka wayi gari ba aiki.

Shawarata ta ƙarshe ita ce kada ku ɗauki rashin digiri a matsayin halin dindindin. Jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, NOUN, tana da cibiyoyi a jihohi, kuma mutum yana iya karatu yana aikinsa. Mai NCE ya riga ya ci rabin hanya, ga shi da horon koyarwa a hannu. Yawancin ƙasashen da na ambata ba su damu da fannin digirin ba, su dai ya kasance na gaske. Shekara huɗu tana da tsawo a idon ɗan shekara ashirin, amma za ta wuce ko kun yi karatun ko ba ku yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara koyarwa a makarantar unguwarku, ku tara kuɗin horo mai inganci, ku yi rajistar digiri, ku riƙa adana takardun shaidar duk inda kuka yi aiki. Ranar da dama ta zo, ku fita da biza ta halal da yarjejeniya a hannu, iyayenku sun san inda za ku sauka.

Allah Ya buɗa muku ƙofofin alheri, Ya tsare ku daga sharrin mayaudara, Ya sa ku amfani kanku da al'ummarku.