Yadda Ake Jera Cajin Hoto a Kusurwar Ƙarafa Biyu

Yaranmu na Isa da Sabon Birni da ke karanta fiziks a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, in sun dawo hutu, akwai tambayar da ba ta wuce ni: an ajiye caji q tsakanin faifan ƙarfe biyu da suka haɗu suka yi kusurwa, duka biyun a haɗe da ƙasa, a nemo fotenshiyal da ƙarfin da ke jan cajin. Dabarar ta daɗe, William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya fito da ita a 1848. Za ka ɗauke ƙarafan a ranka, ka dasa cajin ƙarya, wato hotuna, a bayansu yadda fotenshiyal zai zama sifili a daidai inda suke. In jeri ɗaya ya cika sharaɗin, shi ne amsa, domin lissafi ya tabbatar babu ta biyu.

Nemi takarda, fensir mai tsini, kamfas da ma'aunin kusurwa. Gwangwanin lissafi na Oxford na fi so, ba shi da tsadar da za ta hana ka barci. Na jabu kamfas ɗinsa sakewa yake yi a tsakiyar da'ira. Intanet ba ta da aiki a nan, abin da ya yi wa mutanen yankinmu daɗi, mu da aka taɓa yanke mana layin waya a 2021.

Da farko, kafin ka zana komai, raba 180 da girman kusurwar. Ka ji da kyau, 180, ba 360 ba. In amsar ta fito cikakkiyar lamba, kira ta n, ka ci gaba. Hotunanka za su zama 2n − 1: digiri 90 na ba da 3, digiri 60 na ba da 5, digiri 45 na ba da 7, digiri 30 na ba da 11.

A nan ne mafi yawa ke faɗuwa, kuma laifin na darasin haske ne na sakandare. An haddace mana cewa madubai biyu na ba da hotuna 360 a raba da kusurwa, a debe ɗaya. Mai aski a kasuwar Sabon Birni in ya jingina madubai biyu, abin da idonka zai gani ke nan, amma hoton ƙeyarka ba shi da alamar + ko −, na caji kuwa yana da ita, kuma tana juyawa duk lokacin da ka ƙetare ƙarfe. Ɗauki digiri 72. Tsohon lissafin zai ce hotuna 4, har ka yi murna. To ajiye cajin a digiri 20 ka yi ta juya shi, za ka tarar wani hoto mai − ya faɗo a digiri 52, cikin filin da cajin gaskiya yake. Hoto bai da izinin shiga wannan fili ko kaɗan, domin ya canja tambayar da aka yi maka. Haka digiri 120, nata hoton a digiri 100 yake sauka. Duk wanda ya ce maka ka “kusanta” amsar da hotuna biyu a wannan kusurwa, ka gaishe shi ka wuce. Irin waɗannan kusurwoyi lissafinsu daban ne, Arnold Sommerfeld na Jamus ya yi aiki a kansu a 1897, kuma ba na takarda ɗaya ba ne.

Na biyu, sa tsinin kamfas a inda ƙarafan suka haɗu, buɗe shi zuwa kan cajin, ja da'ira. Duk hotunan a kanta suke zaune.

Na uku, jera su. Kada ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana ninke takarda, za ka rikice tun a na huɗu. Auna kusurwar cajin daga ƙarfen farko, mu ce digiri 20 a cikin kusurwa mai 60. Ninki biyu na 60 shi ne 120. Yi ta ƙara 120 a kan 20: ka samu 140 da 260, waɗannan masu + ne irin na asali. Sai ka koma −20, wato 340, ka yi ta ƙara 120: ka samu 100 da 220. Su ukun nan masu − ne. Zagaya da'irar da yatsa: 20, 100, 140, 220, 260, 340. Dole alamomin su yi ta musanya, + sai −, har ka dawo. In biyu iri ɗaya suka zauna kusa da juna, goge ka sake. Sannan haɗa hotunan kaɗai: uku masu − da biyu masu + sun ba da −q, wanda shi ne jimlar cajin da ya taru a jikin ƙarafan.

Fotenshiyal kuwa tarawa ce kawai: kq a raba da nisa, ga kowane caji da alamarsa. Amsar tana aiki a cikin kusurwar kaɗai. A bayan ƙarafan sifili ne.

Ƙarfin ja yana da alkibla, don haka rarraba shi gida biyu kafin ka tara. Gwada da digiri 90, caji na nesa da kowane ƙarfe da tazara a. Hotuna biyu masu − suna nesa da 2a, kowanne na ja da kq²/4a², haɗuwarsu ta ba da kusan 0.354 kq²/a² zuwa lungu. Mai + yana can a 2√2a, yana turawa da 0.125. Ragowar kusan 0.23 kq²/a², zuwa lungun.

In an tambayi makamashi, nemo fotenshiyal da hotunan kaɗai suka haifar a wurin cajin, ninka da q, sannan ka raba biyu. Rabin nan ana yawan mantawa da shi. Dalilinsa shi ne, yayin da kake jawo cajin daga nesa hotunan ma tafiya suke, amma cajin da ke yawo a jikin ƙarfen da ke kan sifili ba ya cin wani aiki. Littafin David Griffiths, wanda kwafinsa ke yawo a hannun ɗalibai, yana da tambayar digiri 90 a babi na 3. Yi ta da hannunka, sannan ka gwada digiri 45 da caji a digiri 10, ka tabbata hotuna 7 sun fito.