Ina Za Ka Sauka? Darasi a Kan Zaɓen Unguwa a Babban Birni

Kowace shekara in lokacin rabuwa da 'yan ajin ƙarshe ya matso, sai in ga suna ta tambayar juna inda za a tura su aiki, da nawa ne albashin. Amma da wuya in ji wani ya yi tambayar da ta fi waɗannan kusa da kwanciyar ransa, watau a wace unguwa zai zauna in ya isa can. Yawancinku za ku faɗa manyan birane irin su Ikko da Ibadan da Fatakwal da Kano, ko dai don bautar ƙasa ko don aikin koyarwa. Saboda haka na ga ya kamata mu yi darasi a kan wannan al'amari, domin ni kaina na taɓa shiga cikinsa, na kuwa ga amfaninsa da wahalarsa.

Mafarin unguwannin baƙi

Duk wanda ya shiga babban birni a Nijeriya zai tarar an san unguwanni da irin mutanen da suka fi yawa a cikinsu. A Ibadan akwai Sabo ta Hausawa, kusa da ita ga Mokola inda Nufawa suka zauna tun da daɗewa. A Ikko akwai Hausawa da yawa a Agege da Idi-Araba da Obalende. A Kano kuwa Sabon Gari ce mazaunin mutanen Kudu. Har a Gana ma akwai Sabon Zango a Ankara, da Zangon Kumasi.

Abu biyu ne suka haifi waɗannan unguwanni. Na farko fatauci. Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fatake in sun iso wani gari sukan sauka a bayansa, wurin nan shi ake kira zango. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ibadan a 1901, ta kai Kano a 1911, sai cinikin goro da shanu ya bunƙasa, shanu suna gangarowa Kudu, goro yana hawa Arewa, masu wannan ciniki kuwa suka riƙa zama a garuruwan da ke bakin hanyar. Na biyu mulkin Turawa. Su ba su so baƙi su cuɗanya da 'yan gari, don kada sha'anin haraji da shari'a ya rikice musu. Don haka aka yanka Sabon Garin Kano wajen 1913, aka ware wa Hausawan Ibadan Sabo a 1916, sa'an nan a 1917 Gwamna Lugga ya kafa dokar tsarin garuruwa, wadda ta ƙara ƙarfafa wannan rabuwa. Yau ba wata doka da ta tilasta wa kowa zama a unguwar ƙabilarsa. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a duk inda ya so cikin ƙasar, sashe na 43 kuma ya ba shi ikon mallakar gida a ko'ina. Watau zaɓi ya koma hannunka.

Abin da unguwar 'yan'uwa ke ba baƙo

Wani Bature masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Ibadan a 1962 da 1963 yana nazarin Sabo, ya buga littafinsa a 1969. Abin da ya gano shi ne, ba ƙaunar gida kaɗai ta tara Hausawa wuri guda ba, har da amana ta ciniki. Mai shanu ya zo daga Arewa bai san mahautan gari ba, sai ya sauka wurin mai gida. Mai gida ya ba shi ɗaki da abinci, dillalansa su sayar da shanun bashi ga mahauta, shi kuwa ya tsaya a matsayin lamuni har a biya. Ciniki irin wannan ba ya yiwuwa sai tsakanin mutanen da suka san juna, suna jin maganar juna, suna da sarkin da zai raba musu gardama.

Ni ma na ɗanɗana wannan. Ran da na fara sauka Ibadan da takardar kama aiki, ban san kowa ba, ba na kuma jin ko "sannu" da Yarabanci. Na ce wa mai mota ya kai ni Sabo. Kafin magariba wani dattijo ya ba ni tabarma a zaurensa, aka kawo mini tuwo, ba wanda ya tambaye ni ko kwabo. Cikin mako guda ya sama mini ɗaki, ya kuma tsaya mini wurin mai gidan, ba a ce in kawo shaidu ba. Ga masallaci a ƙofar gida, ga mai shayi, ga motar da za ta kai saƙo gida. Ɗan'uwa rabin jiki ne, lalle ban musa ba. Haka kuma ɗan Kudu ke samu in ya sauka Sabon Garin Kano, ya tarar da majami'arsa da abincinsa da ƙungiyar 'yan garinsu.

Abin da ta ke hana shi

To, amma ni ba falke ba ne, malamin makaranta ne. Makarantar da aka tura ni tana can wani gefen gari, sai na shiga mota biyu kafin in isa. Kuɗin mota yana cin albashi, cunkoson hanya yana cin lokaci, sau da yawa in iso an riga an kira suna. Hedimasta ya yi mini kashedi sau biyu, kuma da gaskiyarsa.

Wannan ma da sauƙi. Babbar hasarar ita ce, na yi wata shida a garin Yarabawa ban koyi harshensu ba, gama daga makaranta sai Sabo, a Sabo kuwa Hausa ake yi. Wata rana wata tsohuwa ta zo makaranta a kan maganar jikanta da ba ya zuwa aji. Ta yi ta magana tana share hawaye, ni ina tsaye kamar gunki. Sai da aka kira yaron nan da kansa ya zama tafinta tsakaninmu, Allah kaɗai ya san abin da ya rage da abin da ya ƙara. A ranar na gane malamin da ba ya iya gaisawa da iyayen almajiransa rabin aikinsa kawai ya ke yi.

Da na ɗauko iyalina sai na nemi ɗaki biyu a wani gidan haya kusa da makaranta, mu kaɗai ne 'yan Arewa a layin. Ba zan ɓoye muku ba, uwargida ta sha kaɗaici a watannin farko, ta yi ta cewa mu koma cikin mutanenmu. Amma daren da naƙuda ta kama ta, matar mai gidanmu, wadda kowa ke kira Iya, ita ce ta ɗaura zane ta tashi ɗanta ya fito da mota, ta ce mini, "Malam, kai zauna da babban yaron, wannan ba aikin maza ba ne." Tun daga ran nan uwargida ba ta sake maganar tashi ba. Abin da muka biya a madadin haka shi ne, yaranmu sun tashi Yarabanci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, sai da muka sa doka ba a yin wani harshe cikin ɗaki sai Hausa, muka kuma riƙa kai su Sabo kowace Juma'a.

Maganar tsaro

Na san abin da ke ran yawancinku, watau ran tashin hankali fa? Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa za mu kauce mata ba. A watan Mayu 1953 an yi rikici a Kano tsakanin mutanen birni da na Sabon Gari. A 1966 dubban mutanen Gabas sun bar Arewa bayan kashe-kashen da aka yi. A watan Yuli 1999 an yi faɗa tsakanin Hausawa da Yarabawa a Shagamu, aka yi ramuwa a Kano. A watan Fabrairu 2002 aka yi a Idi-Araba, a watan Fabrairu 2021 kuma a kasuwar Shasha ta Ibadan, inda aka ƙona rumfuna da gidaje, aka rasa rayuka.

Ku dubi wuraren nan da kyau. Zama wuri guda yana ba mutane ƙarfi, suna da shugaban da zai yi magana da hukuma, kuma labari yana isa gare su da wuri. Amma in fitina ta tashi, unguwar da aka san ta da ƙabila guda ita ce wadda masu ɓarna ba su bukatar a nuna musu hanyarta. Wanda ke zaune shi kaɗai cikin wasu kuwa, ba shi da garkuwa sai maƙwabcinsa. Lokacin rikicin Shasha mai gidanmu ya zo ya ce, "Malam, kada wani naka ya leƙa waje har sai na ce." Kwana uku 'ya'yansa ke yi mana cefane. Ba na cewa kowa zai dace da irin wannan mutum. Abin da na ke cewa shi ne, ba unguwar da sunanta kaɗai zai tsare ka. Larabawa suna cewa a nemi maƙwabci kafin a nemi gida.

Ku tuna kuma baƙunci ba ya hana mutum zama ɗan gari. A shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafillace mai cinikin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. Da ya kulle kansa cikin 'yan'uwansa kaɗai, da ba wanda zai san shi balle a zaɓe shi.

Shawarata gare ku

Na ɗaya, in kun isa gari ba ku san kowa ba, ku sauka cikin mutanenku, ba laifi ba ne, hankali ne. Amma ku tuna ma'anar zango, wuri ne da matafiyi ke hutawa kafin ya ci gaba.

Na biyu, kafin ku biya kuɗin hayar shekara, ku bi hanyar daga gidan zuwa makaranta da sassafe a ranar aiki, ku ƙidaya mintoci da kuɗin mota, ku riɓanya da kwanakin wata, ku gwada da albashinku.

Na uku, ku je unguwar da rana, ku koma da dare, in da hali ku gan ta bayan an yi ruwan sama. Ku tambayi waɗanda ke haya a gidan, ba dillali ba, batun ruwa da lantarki da halin mai gida. Matambayi ba ya ɓata.

Na huɗu, ku duba nisan masallaci ko majami'a, da asibiti, da kasuwa, musamman in kuna da iyali. Ku yi shawara da matanku, gama su ne ke wuni a gidan.

Na biyar, ko ina kuka zauna, ku koyi gaisuwar mutanen gari cikin watan farko, ku je sunansu da jana'izarsu. Kada kuma ku yanke zumunci da unguwar 'yan'uwanku, ku gabatar da kanku ga shugabanta tun kuna lafiya.

Ga aiki ga 'yan ajin ƙarshe kafin fitowa ta gaba. Kowa ya zaɓi birni guda da ya sani, ya zana taswirarsa, ya nuna unguwannin baƙi, ya tambayi wani dattijo yadda aka kafa ɗaya daga cikinsu, sa'an nan ya rubuta shafi guda a kan inda zai zauna in an tura shi can, da dalilinsa. A kawo mini a ofis, wanda ya fi kyau za mu buga shi a wannan fili.

Allah ya haɗa ku da maƙwabta nagari, ya kuma sa ku ma ku zama nagari gare su, amin.