Tarkon Makiro a Harshen C: Nazarin Saƙo Mai Barin Sawu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce jawo hankalin malamai da 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu rubuta wa kwamfuta umarni domin ƙidayar baƙaƙe da kalmomi a cikin matani, zuwa ga wani tarko da ke cikin harshen C. Dennis Ritchie ne ya ƙago wannan harshe a ɗakin binciken Bell da ke Amurka wajen 1972, sa'an nan a 1978 shi da Brian Kernighan suka fitar da littafin da ya yaɗa shi a duniya. Tarkon ya daɗe, amma har gobe yana kama mutane, domin kuwa umarnin da ya faɗa cikinsa ba ya nuna alamar ciwo, sai dai ya ba da lissafin ƙarya.

2.0 Ɗan Aike da Makiro

Kafin rubutu ya isa ga tafinta, watau manhajar da ke juya shi zuwa harshen na'ura, sai ya bi ta hannun mai share fage. Shi wannan bai san ma'ana ba, musanyar rubutu kurum ya sani. Makiro suna ne da ake ba shi tare da rubutun da zai sa a madadinsa duk inda ya gan shi.

A ido makiro ya yi kama da ɗan aike, watau guntun umarnin da ake kira, a ba shi saƙo, ya komo da amsa. Amma akwai bambanci. Ɗan aike sai an lissafta saƙon sau ɗaya, an sami adadinsa, kana a miƙa masa. Makiro kuwa kwafe rubutun saƙon yake yi, ya dasa shi a duk gurbin da sunansa ya fito.

Saƙo mai barin sawu shi ne wanda, bayan ba da adadi, yakan canja wani abu. Alal misali, i++ yana ba da abin da ke cikin i, sa'an nan ya ƙara masa ɗaya. Haka nan getchar() yana ba da harafi, ya kuma matsa gaba a cikin matani.

3.0 Yadda Tarkon Ke Kamu

Mu dubi wannan makiro mai zaɓen babba a cikin adadi biyu:

#define BABBA(a, b) ((a) > (b) ? (a) : (b))

A ce i yana ɗauke da 5, j kuma da 3, aka rubuta BABBA(i++, j). Marubuci na sa ran amsa ta zama 5, i ya koma 6. To, ga abin da tafinta zai tarar:

((i++) > (j) ? (i++) : (j))

Wajen gwadawa i++ ya ba da 5, i ya koma 6. Tun da 5 ya fi 3, sai a sake lissafta i++, ya ba da 6, i ya koma 7. Ashe amsa da i duka sun kauce. Amma fa in j yana ɗauke da 9, sau ɗaya za a taɓa i, kome ya fito daidai. Nan gizo ke saƙa: kuskuren yakan ɓuya a wani gwaji, ya bayyana a wani. Wanda ya sa getchar() a gurbin i++ zai riƙa tsallake haruffa jefi-jefi, ƙidayarsa ta lalace bai sani ba.

4.0 Sauran Fuskokinsa

Na ɗaya, makiron da ke ninka adadi da kansa, watau ((x) * (x)). In aka ba shi i++, an canja i sau biyu ba tare da an tsara wanda zai riga wani ba. A nan ƙa'idar harshen ba ta yanke hukuncin abin da zai faru ba sam, saboda haka tafinta biyu suna iya ba da amsa daban-daban, kuma babu mai laifi sai marubuci.

Na biyu, saƙon da ba a lissafta shi ko sau ɗaya. Makiron assert yana bincika ko wani sharaɗi ya cika, amma da zarar an kunna NDEBUG sai ya ɓace tare da saƙonsa. Wanda ya rubuta assert(i++ < 10) zai ga umarninsa na aiki lokacin gwaji, ya tsaya cik bayan an raba wa jama'a.

Na uku, ƙa'idar da Amurka ta tsayar wa harshen a 1989 ta wajabta wa makiro na taskar harshen lissafta kowane saƙo sau ɗaya tak, amma ta yi togaciya ga getc da putc, waɗanda aka yardar musu maimaita saƙon da ke nuna fayil.

Lalle a lura, sa saƙo cikin baka biyu ba ya maganin wannan. Abin da yake hanawa daban ne: in babu baka, a+1 zai koma a+1*a+1, ya ba da 7 maimakon 16 idan a yana ɗauke da 3.

5.0 Rigakafi

(a) A raba aiki biyu: a kira makiro da i tsurarsa, sa'an nan a rubuta i++ a layi na gaba.

(b) A rubuta sunan makiro da manyan baƙaƙe, kamar yadda aka saba, don mai karatu ya shiga taitayinsa.

(c) A fifita ɗan aike. Ƙa'idar 1999 ta shigo da kalmar inline, wadda ta rage hujjar masu gudun ɗan aike saboda jinkiri.

(d) In shakka ta taso, umarnin gcc -E yana nuna rubutu kamar yadda mai share fage ya bar shi.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa makiro yana iya lissafta saƙo sau biyu, ko sau ɗaya, ko ya ƙi taɓa shi. Saboda haka kafin ɗalibi ya miƙa masa saƙo, sai ya tambayi kansa: in an maimaita wannan rubutu, ko an share shi, me zai canja? In amsar ita ce wani abu zai canja, to, ya fitar da shi waje, ya ba shi layinsa.