Iri Mai Kyau da Ƙasa Mai Kyau: Darasi Daga Cinikin Gyaɗa

Mu kan ji gardama bisa abin da ke sa ɗan kasuwa ya ci gaba. Waɗansu su ce hali ne, waɗansu kuwa su ce wuri ne da zamani. Bari mu dubi Alhassan Ɗantata na Kano, mu gani.

1. Halinsa. An haife shi a Bebeji a 1877 cikin Agalawa, fatake tun kaka da kakanni. Ubansa ya rasu tun yana yaro. Ya shiga fataucin goro a ƙasar da a ke kira Ghana yau. Fatake sun saba bin hanyar ƙasa da jakuna wata da watanni, shi kuwa ya riƙa ɗora goronsa cikin jirgin ruwa zuwa Ikko. An san shi da tsimi da riƙon amana.

2. Zamaninsa. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Turawa sun sa rai auduga za ta ɗauka, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi riba. Kamfanonin Turawa kuwa suna bukatar wanda manoma suka amince da shi. Ɗantata yana da jari, yana da yara cikin ƙauyuka, sai ya zama babban mai sayen gyaɗa. Sa'ad da a ka buɗe banki a Kano a 1929, ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Ya rasu a 1955.

3. Abin koyi. Jirgin nan ya zo wa dukan mutanen Kano, amma wanda ya riga ya shirya shi ya fi cin moriyarsa. Da jirgi bai zo ba kuwa, da gyaɗa ba ta sami hanyar zuwa teku ba. Iri mai kyau yana bukatar ƙasa mai kyau. Zamani kuma ya kan juya: fari na 1973, da cutar gyaɗa ta 1975, da kuɗin man fetur sun kawar da dalar gyaɗa ta Kano. Ba mu ne mu ke zaɓen zamaninmu ba, amma gyaran hali yana hannunmu. Kada mu rena ɗan'uwan da cinikinsa ya karye, gama mai yiwuwa ne kasuwa ce ta juya masa baya.

Tambayoyi:
(a) Wace ƙofa ce ta buɗe a garinmu yanzu?
(b) Wa zai ba mu kaya bashi saboda amincinmu kaɗai?