Kada Neman Manufar Rayuwa Ya Hana Ka Sakat

Akwai wata damuwa da ke cin matasanmu a ɓoye. Saurayi ya gama bautar ƙasa, budurwa ta karɓi takardar NCE, sai a buɗe waya a ci karo da masu zaburarwa a TikTok da Facebook suna cewa duk wanda bai gano abin da aka halicce shi dominsa ba, ya yi asarar rayuwa. A gida kuma gwaggo ta tare ka da tambaya: "To, yanzu me ka sa a gaba?" Dare ya yi, barci ya ƙi zuwa.

Ƙanena, ƙanwata, ku kwantar da hankalinku. Yawancin mutane a cikin aiki suke gane inda suka dosa, bayan sun riga sun kama hanya.

Dubi Abubakar Imam. Malamin makaranta ne a Midil ta Katsina lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa a 1933. Ya gwada sa'arsa da Ruwan Bagaja. Daga nan aka nemi ya zo Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce, a 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ranar da ya fara riƙe alli, wannan jarida ba ta ma wanzu ba, balle ya yi burin shugabantar ta. Haka Alhassan Ɗantata: fataucin goro ya yi shekaru yana yi tsakanin Kano da ƙasar Gwanja. Sai bayan an buɗe hanyar jirgin ƙasa ta Kano a 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa, shi kuwa ya riga ya san fatake, ya san kasuwa, mutane sun yarda da amanarsa. Aikin da kowannensu ya riƙe da kyau tun farko shi ya buɗe masa ƙofa ta gaba.

Ga abin da nake ba ka shawara ka yi.

Da farko, rage girman tambayar. Bar tambayar kanka me za ka yi da rayuwarka gaba ɗaya, ka tambayi kanka me za ka yi daga yanzu zuwa wata uku. Zaɓi abu guda: koyon ɗinki, gyaran waya a kasuwar Farm Centre, koyar da yara a Islamiyyar unguwa, kiwon kaji goma a bayan gida. Riƙe shi har wa'adin ya cika, kada ka sauya a tsakiya don ka ga wani ya fi ka samu.

Na biyu, sami ɗan littafi ka riƙa rubuta abu biyu duk ranar Juma'a: wane aiki ne ka yi har lokaci ya wuce ba ka sani ba, wane ne kuma mutane suka dawo suka sake neman ka a kansa? Bayan wata uku, karanta abin da ka tara. Zai faɗa maka gaskiya fiye da tunanin tsakar dare.

Na uku, tambayi mutum uku da suka san ka tun kana ƙarami, kamar mahaifiyarka, tsohon malaminka ko ubangidanka a kasuwa, me suka ga ka fi iyawa. Sau da yawa abin da kake rainawa don yana zo maka da sauƙi, shi ne wasu ke wahalar samu. Idan zaɓi biyu suka tsaya maka, yi istihara, yi shawara, sannan ka yanke hukunci ka dogara ga Allah.

Na huɗu, raba neman abinci da darajar kanka. Ba dole ne sana'arka ta zama abin da ranka ya fi so ba. Mai tuƙa A Daidaita Sahu da ke biya wa ƙannensa kuɗin makaranta, da matar da ke jinyar surukarta tana tuyar ƙosai, rayuwarsu cike take da ma'ana, ko da babu wanda ya ɗauke su a bidiyo. Kyakkyawar niyya tana mayar da neman halal ibada.

Na biyar, tanadi amsa ga masu tambaya, cikin ladabi: "Gwaggo, ina koyon kaza, a sa mu a addu'a." Ta wadatar. Masu sa ka jin ka makara a waya kuwa, daina bin su.

Idan damuwar ta kai ga ka daina cin abinci, barci ya gagara makonni, ko kana jin rayuwar ba ta da amfani, kada ka ɓoye. Faɗa wa wanda ka amince da shi, ku je wurin likita. Ciwon damuwa ciwo ne, kuma yana da magani.

Sannu ba ta hana zuwa. Gobe da safe je wurin mai sana'ar da ka daɗe kana sha'awa, ka gaishe shi, ka tambaye shi yaushe za ka fara zuwa koyo.