Kasuwar da Ba a Ciniki: Jan Hankali ga Sababbin Zuwa Ingila

Ina aiki a wata cibiyar taimakon baƙi a Manchester, kuma cikin masu zuwa wurinmu akwai 'yan uwa daga Kano, Zariya, Maraɗi da Kumasi: ɗalibai, ma'aikatan jinya da asibitocin gwamnati na NHS suka ɗauka, da matan da suka biyo mazajensu. Kukan da na fi ji a watannin farko shi ne tsada. Tsadar gaskiya ce, amma kaso mai yawa na asarar da nake gani daga wani wuri take fitowa. A Kantin Kwari ko Sabon Gari, da baki ake sanin komai: ka taya, a ce albarka, ka tambayi ingancin kaya, mai shago ya rantse maka. A nan babu mai yi maka wannan bayani. An rubuta shi a jikin kaya da gefen kanta, wanda bai karanta ba kuma shi ke biya.

Fara da ɗan katin farashin da ke maƙale a kanta. Babban rubutu shi ne kuɗin da za ka biya, haraji na ciki. Ƙaramin rubutun da ke ƙasa shi ne farashin kilo ɗaya ko giram 100, kuma da shi kaɗai ake gane wace shinkafa ta fi araha. Kantunan Aldi da Lidl sun fi sauƙi a yawancin kayan masarufi. A Tesco da Sainsbury's kuwa za ka ga farashi biyu a kan abu ɗaya, mai rahusar na masu katin Clubcard ko Nectar ne, kuma kyauta ake yin katin. Da yamma ana liƙa wa abincin da ranarsa ta kusa takarda mai ruwan ɗorawa a karya farashinsa. Babu abin kunya a sayensa. 'Yan ƙasa ma layi suke yi.

Kwanan watan da ake rubutawa a jikin abinci iri biyu ne. "Use by" na irin su nama da kifi ne, idan ranar ta wuce kada a ci. "Best before" maganar ɗanɗano ce kawai, taliya ko biskit ba su lalace ba don ranar ta gota. Na ga gidajen da ake zubar da abinci lafiyayye saboda rashin sanin wannan, ga albashi bai kai ƙarshen wata ba.

Maganar halal ta fi kowacce ɗaukar mana lokaci. Naman alade kowa na gane shi. Abin da ke shigewa mutane shi ne jelatin, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi, kuma yana cikin alawar yara mai danƙo, da wasu nau'o'in yogot, da kwanson wasu magunguna. Akwai kuma kek da miyar kwalba da ake zuba wa giya. Hanya mafi sauƙi ita ce duba jerin abubuwan haɗi, sannan a nemi alamar da ke nuna abin ya dace da marasa cin nama. Wannan alama ta kawar da jelatin, amma ba ta kawar da giya ba, sai an karanta. Nama kuwa, mahautan Pakistan, Somaliya da Larabawa suna nan a unguwannin Cheetham Hill da Longsight, wasu da takardar shaidar halal ta HMC a ƙofa. Ka tambayi mahauci kai tsaye yadda aka yanka. Sun saba da tambayar, ba sa jin haushi.

A shagunan Afirka da na Indiyawa za ka samu gero, kuɓewa, tsamiya, manja da doya, sai dai da tsada. Shi ya sa uwa ke cika wa ɗanta jaka da tsaraba. Don Allah a sani: doka ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu. Kilishi, dambun nama da man shanu za a ƙwace su a filin jirgi.

Wasu ƙananan abubuwa: a Ingila manyan kantuna awa shida kacal doka ta ba su ranar Lahadi, yawanci ƙarfe huɗu ko biyar sun rufe. Leda sayenta ake yi tun 2015, don haka riƙe jakarka. Motocin bas na Landan ba sa karɓar tsabar kuɗi. Yawanci ba za a sayar maka da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba sai da takardar likita, saboda haka yi rajista da likitan unguwa tun kana lafiya, kyauta ne.

Ina roƙon sabon zuwa ya daina mayar da kowane farashi zuwa naira ko sefa a zuci. Na ga ɗalibai sun rame suna rayuwa a kan burodi da shayi, sun ƙi kunna na'urar ɗumama ɗaki a tsakiyar hunturu, duk saboda wannan lissafi. Da fam kake samu, da fam za ka auna.

Sai wasiƙu. A gida ba mu saba gwamnati ta yi mana magana ta ambulan ba, a nan kuwa ta nan take magana. Harajin kansil, wato na ƙaramar hukuma, shi ya fi jefa mutanenmu cikin bashi. Ɗalibi mai karatun cikakken lokaci ba ya biya, amma sai ya kai shaidar makaranta. Baligin da ke zaune shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin 100, shi ma sai ya nema. Wanda ya tara wasiƙun bai buɗe ba, tunatarwa ce za ta zo, bayanta sammacin kotu, da ƙarin kuɗi a kai. Idan wasiƙa ta zo ba ka gane ta ba, ɗauke ta a makon ka kai ofishin Citizens Advice ko sashen kula da ɗalibai na jami'arku, za a karanta maka ba tare da ka biya ko sisi ba.